Zuwa ga Bazazzagiyar Tarauni, Mai Cigiyar Karo

Salamu alaikum, baiwata. Ina gajiya, ina maigidan, ina yaran? Na gaishe ki tun da wuri ne domin na san idan kika kai tsakiyar takardar nan ba za ki ƙara amsa gaisuwata ba sai bayan Sallah.

Labari ya iso Gyadi-Gyadi tun tukunyarki ba ta huce ba. Tsakaninmu da Tarauni ai ɗan sahu bai gama ba da canji ba ya iso, ƙaramar hukumarmu ma ɗaya, to ina kika ga wurin ɓoye abin kunya? An ce ƙanwar maigidanki ta kawo miki tsarabar littafin girke-girke daga Amurka, kika buɗe babin alawa, kika rantse bana yaran layinku sun yi ban kwana da alawar madara. Alawa mai tsinke za su sha, garai-garai kamar gilashi, da gugguru mai sheƙin sukari. Sai littafin ya ce a zuba rabin kofi na wani abu wai shi kon sirof. An ce da farko kin tambayi maigidan wane irin tsuntsu ne sirof, kuma a ina ake sayar da ƙwansa. Ban gaskata ba, amma da na tuna garin da kika fito sai na kasa ƙaryatawa.

Daga nan aka shiga cigiya. Kin zaga kasuwar Tarauni rumfa-rumfa, kin bi kantunan Titin Gidan Zu, kin shiga Sabon Gari har takalminki ya tsinke. Da kika gaji wata ta ce miki abin da babu shi a Kurmi ba a halicce shi ba. Kika tsallaka cikin gari, kika ratsa kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15, kika tsaya gaban wani dattijo mai kayan jiƙe-jiƙe, kika karanta masa sunan da ke jikin kwalbar da aka zana a littafin: Karo. Dattijo bai yi wata-wata ba ya ce akwai, na hula kike so ko na tawada? Ya auna miki ƙaro gwangwani guda, ya ƙulle a leda, kika biya har da addu'ar Allah ya ƙara kasuwa. Haka kika dawo Tarauni da abin da ake ƙandarar da shadda, kina taƙama kin samo kayan Amurka a farashin gida.

Gaskiya dai a faɗe ta ko a kan baiwa ce: dattijon bai yi nisa da daidai ba. Ƙaron da ake ɓamɓarowa a jikin bishiyoyin ƙaya a Borno da Yobe da Jigawa, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi, kamfanonin alawa na duniya suna sayensa, kuma cikin ayyukan da yake yi musu har da hana sukari komawa tsaba. Kin ga Bakano ko bisa kuskure ya ba ki abu sai ya zama da ilimi a ciki. Sai dai nasu tatacce ne, an san gwargwadonsa, naki kuwa har da ɓawon itace da ƙafar tururuwa.

Da ƙaro ya ƙi sai basirar birnin ilimi ta motsa. Kika ce ai kon masara ce, sirof kuwa ruwan zaƙi, to me ya rage? Kika dama farin garin masara na kanti, kika antaya sukari, kika ɗora a wuta. Abin da ya fito yaran gidan suka sha da ƙosai, suka ce kokon yau ya yi daɗi, citta kawai ya rasa.

Yaƙi na uku ni na gan shi da idona, ranar Larabar da na leƙo ki da la'asar. Kin ce tunda abin ya gagara, a bar shi, sukari zalla ma ya isa. Kin zuba gwangwani huɗu da ruwa, kin buɗe gas har ƙurya, kin kama muciya kina tuƙi kamar mai tuwon suna. Da fari abin gwanin sha'awa, yana tafasa yana ƙyalli. Can na hango wani farin ɓawo ya fara kama gefen tukunyar, kafin in buɗe baki kin sa muciya kin kankaro shi ya faɗa ciki. Ban ƙirga ashirin ba ruwan ya dushe, ya yi fari, ya cure, tukunya ta cika da yashi irin wanda ake sauke wa magina a tifa. Kika tsaya riƙe da muciya kina salati, kina cewa sukarin Kano ne ba shi da albarka.

A nan ne na ce sai na ɗauki alƙalami, domin kin taɓa mutuncin gari. Sukarin da kike saya, wanda ake sauke buhunansa a Kasuwar Singa, yawancinsa ɗanyensa daga Burazil ake kawo shi a tace a Legas, kuma manyan masu matatun, Aliko Dangote da Abdussamad Rabi'u, duk Kanawa ne. Ko shayi kika haɗa a Tudun Wadar Zariya, da hannun ubangidanki a ciki. Sukari bai yi miki laifin komai ba, halinsa ya nuna. Zauna in karantar da ke, ba zan karɓi kuɗin makaranta ba.

Kowace ƙwayar sukari tagwaye ce a manne, ɗaya sunanta gulukos, ɗaya furuktos. Matuƙar suna manne, kowace ƙwaya kamarta ɗaya da 'yar uwarta, kuma babu abin da suke so kamar su jeru sahu-sahu su koma tsaba. Idan kika narka su a ruwa sun watse ne bisa tilas. Da wuta ta ƙone ruwan, wuri ya yi musu kaɗan, jira kawai suke wani ya tsaya a gaba su bi bayansa. Ɓawon nan da kika kankaro shi ne limamin, muciyarki kuma ta yi ladanci. Aikin kon sirof a tukunya shi ne aikin 'yan adaidaita sahu a shataletalen Dangi kafin a yi gada: wannan ya cusa kai nan, wancan ya gitta can, har layi ya rasa ta inda zai haɗu. Yana ɗauke da gulukos da wasu dogayen sarƙoƙinsa da ke shiga tsakanin ƙwayoyin sukari su hana su jeruwa. Yana kuma riƙe danshi, yana sa sheƙi, kuma bai kai sukari zaƙi ba. Aikinsa ke nan kaf. Wanda ya san aikin abu ba ya zaga kasuwa huɗu neman sunansa.

Abin da zai ƙara ba ki haushi, shi kansa wannan da kike wa kallon sarki madadi ne. A 1811 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Kirchhoff, a birnin San Fitasbag na Rasha, ya gano idan aka dafa sitati da ruwan asid yakan koma zaƙi. Lokacin yaƙe-yaƙen Napoliyon sun tare hanyar jiragen ruwa, sukarin rake ya yi wuya a Turai, sai aka rungumi dabarar hannu bibbiyu. Amurkawa da masara ta yi musu yawa suka mayar da ita tasu, har kamfani ya fito da Karo a 1902, ya bi matan gida da littattafan girki yana koya musu zuba shi a komai. Shi ya sa littafinki yake ambatonsa kamar gishiri. Ingilawa ba su damu da shi ba, nasu ruwan zaƙin na rake ne mai ruwan zinare, wanda kamfanin Lyle ke zubawa a gwangwani tun 1885. Kada kuma ki haɗa shi da ɗan uwansa mai yawan furuktos, wanda ya bazu a shekarun 1970, har Coca-Cola ta koma kansa a Amurka a 1984. Wancan na masana'antar lemon kwalba ne, ba a ajiye shi a kicin.

Batun kokonki kuwa, ai abin kunya ne ga 'yar Samaru. A garinku Cibiyar Binciken Aikin Gona take tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ke fitar da irin masarar nan da ake kira SAMMAZ da manoman Arewa ke shukawa. Da kin tsaya bakin ƙofarta kin tambayi ko mai gadi, da ya gaya miki sitati ba ya zama zaƙi don an tafasa shi. Sai an sa abin da zai daddatsa shi, ko asid, ko sinadarin da ake kira inzayim. Kuma wannan ma ba baƙonki ba ne. Me ya sa mai kunun zaƙi take niƙa ɗanyen dankalin Hausa ko tsiron hatsi ta zuba a gasarar da ta dama, ta rufe ya kwana? Da safe kunun ya saki, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Inzayim ɗin dankalin ne ya kwana yana yanka sitatin. Abin da masana'antar Amurka ke yi a manyan tankuna, ƙaramarsa ce take faruwa a bokitin maƙwabciyarki. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Ranar da za a kai ki ɗakin miji, wa ya yi alkakin garar? Na tuna lokacin da ake shirin garar yayata, kakarmu tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, ga kurfoti a gabanta. Tun da safe ta jiƙa tsamiya a ƙaramin kwano. Ta zuba sukari da ruwa a tukunya, ta tace ruwan tsamiyar da rariya ta zuba, ta kawar da ludayi gefe ba ta ƙara taɓa shi ba. Jifa-jifa takan ɗiga kaɗan a bayan faranti, ta bari ya sha iska, ta dangwala da ɗan yatsa ta haɗa da babban yatsa ta buɗe. Idan zare ya miƙe bai tsinke ba sai ta ce ya yi, a kawo alkaki. Alkakin nan yakan yi makonni a cikin kwalla yana sheƙi, ba ya yin fari, ba ya yin gari. Na taɓa tambayarta amfanin tsamiyar, ta ce ita ke kashe wa sukari baki.

Ba ta taɓa shiga aji ba, amma maganarta daidai take da ta masana. Tsami da zafi idan suka haɗu sukan raba tagwayen nan, gulukos ya kama gabansa, furuktos ya kama nasa. Da tukunya ta zama gauraye, masu kama ɗaya suka ragu, sahu ba ya haɗuwa. Farar hodar nan da masu kek ke saya da tsada, wadda suke kira kirim ɗin tata, danginta ɗaya da tsamin da ke cikin tsamiya. Kudan zuma ma haka yake yi wa ruwan fure, sai dai shi da inzayim ɗin jikinsa. Mai alawar gargajiya da ke rataya dafaffen sukari a ƙugiya yana ja yana ninkawa har ya yi fari, da tsami yake samun danƙon da zai jawu. Kuma ke da kanki, makon bikinki, da aka zaunar da ke gyaran jiki, me aka manna miki a ƙafa aka fizge kina ihu har maƙwabta suna leƙe? Halawa. Sukari da ruwa da lemon tsami aka dafa, ta yi danƙo, ta ƙi komawa tsaba. Sunanta da na alawa ma tushensu ɗaya a Larabci. Kin ga madadin kon sirof ya taɓa cire miki gashin ƙwauri, kika manta fuskarsa.

To ga yadda za ki haɗa naki, ki rubuta a bangon littafin Amurkawan. Sukari gwangwanin madarar ruwa uku, ruwa gwangwani ɗaya da rabi, ruwan lemon tsami tatacce cokalin shayi biyu. Lemon tsami ko a bakin titi kin samu, in kuma da yawa kike so, 'Yan Lemo na nan Na'ibawa a kan hanyar garinku. Ki sami tukunya mai kaurin gindi, ki juya a kan wuta kaɗan har sai kin daina jin tsaba a ƙarƙashin cokali. Da ya fara tafasa ki rufe minti biyu ko uku, tururi ya wanke abin da ya kama gefe, sannan ki buɗe. Daga nan ki ɗaure hannunki a baya. Na san wannan shi ne mai wuyar, domin Bazazzagiya ba ta ganin tukunya ta ƙyale, kamar yadda ba ta ganin zance ta wuce. Ki bar shi yana tafasa a hankali wajen minti 20 zuwa 30, har ya kai digiri 114 in kina da ma'aunin zafi. Ki sauke, ya huce a rufe, ki juye a busasshiyar kwalba mai tsabta. Zai yi kauri kamar zuma. Duk inda littafi ya ce kofi ɗaya na kon sirof, ki zuba kofi ɗaya na wannan, ki ɗan rage sukarin girkin tunda naki ya fi nasu zaƙi.

In babu ma'auni, kwanon ruwan sanyi ya isa. Ki ɗiga kaɗan a ciki ki sa yatsa. Idan ya haɗu ya yi curi mai laushi da ke lotsawa, kina tsakanin digiri 112 da 116. Idan curin ya yi tauri ya riƙe siffarsa, kin haura 120, nan ne wurin alawa mai taunuwa. Idan kuwa ɗigon ya zama zare ya karye ƙaras, kin kai wajen 150, nan alawa mai tsinke da gugguru mai sheƙi suke. Daga 160 sai ya fara yin ja, in kika tafi amsa waya ki dawo ki tarar da gawayi mai ɗaci. Masu ma'auni kuma su sani lissafin littafin na mutanen bakin teku ne. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, ruwa yana tafasa a nan kafin ya kai digiri 100, don haka a rage digiri ɗaya ko biyu. Zariya ta fi mu tudu, na yarda, wataƙila shi ya sa kuke saurin tafasa.

Sai dai kowane girki da abin da yake nema, kada ki ɗauki kwalba ɗaya ki bi kowace tukunya da ita. Kek da biskit da cincin, abin da suke so danshi ne da laushi, ko ruwan sukarin da kika haɗa, ko zuma, duk za su karɓa. In zuma ce ki tuna ta fi zaƙi kuma tana saurin yin ja saboda yawan furuktos, ki rage wutar obin da kamar digiri 10 zuwa 15. Ki kuma san wajen wanda za ki saya. Akwai masu yawo da jarka suna rantsuwa daga daji aka ɗebo, alhali sukari suka dafa da tsami har ya yi ja. Waɗannan sun riga ki sanin darasin yau, sai dai sun kai shi inda Allah bai yarda ba.

Kantu da alawar gyaɗa kuwa, ina kika baro mazarƙwaila? A nan ne na fi jin kunya a madadinki. Ƙasarku ce gidan rake, Maƙarfi da Ikara da Kudan, a nan ake matse shi a dafa ruwan a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Tunda ba a tace ta ba, tana tafe da nata rababben sukarin da ƙamshin da farin sukari ba shi da shi. Ki narka ta da ruwa kaɗan, ki tace saboda ƙasa da ɓawon rake, ki dafa ta yi danƙo ki zuba soyayyen riɗi. Kafin farin sukari ya cika kasuwa, da ita da zuma da maɗin ɗinya kakanninmu ke alawa. Abin da ba za ta ba ki ba shi ne alawa garai-garai, domin launinta ba ya ɓuya. Haka ruwan dabino, ya dace da kek, amma ba ya yin ƙaras.

Alawar madara da tuwon madara kuma ki rufa mini asiri kada ki kai musu lemon tsami. Tsami yana tsinka madara, ki tashi da cuku a cikin ruwan zaƙi. Su ai tsabar suke so, amma 'yar mitsitsiya wadda ke narkewa a harshe, shi ya sa ake tuƙa su. Muciyar da ta kashe miki alawa mai tsinke ita ce ke raya ta madara. Da a nan kika tsaya tun farko da yanzu ana yabonki.

Bari in faɗi nawa kafin ki ji a bakin wasu ki ƙara masa gishiri. Wata damina, cikin Agusta, na karɓi aikin alawa mai tsinke ta walimar sauka. Na ce tunda cokali biyu na lemon tsami yana aiki, shida zai fi. Na dafa, na zuba, ta daskare tana ƙyalli, na jera a tire na kwanta ina lissafin riba. Da asuba na tarar da ita tana hawaye, tsinkayen sun kwanta a cikin wani jan tafki, tururuwan Gyadi-Gyadi kaf sun zo ɗaurin aure. Furuktos mayen danshi ne, yana zuƙo ruwa daga iska, kuma yawan tsami yana yawaita shi. A nan kon sirof ya fi namu, tunda irin na girki kusan babu furuktos a cikinsa. Saboda haka in alawa mai tauri za ki yi ta sayarwa, musamman da damina, ki je shagon masu kayan kek ki ce a ba ki gulukos na ruwa, wanda suke sawa a fondan. Shi ne kon sirof ɗin da kike nema, ya sauya suna ne kawai, ko daga masara aka yi shi ko daga rogo, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya. Ya fi na kwalbar Amurka kauri, sai ki sassauta shi da ruwa cokali guda. Ina kyautata zaton kin wuce shi sau uku a Sabon Gari kina cigiyar Karo. In kuwa da na gida za ki yi, ki bari sai hunturu, lokacin da iska ke busar da leɓe, ki naɗe kowace ɗaya a leda da zarar ta huce, ki rufe a mazubin da iska ba ta shiga, kuma kada ki sa a firji.

Saura gargaɗi uku, waɗannan babu wasa a ciki. Dafaffen sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma in ya zuba a fata mannewa yake. Ki kori yara daga kicin, kada ki goya, kada ki ɗanɗana da yatsa daga tukunya. In tsautsayi ya faɗa, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, in ƙunar ta yi girma a nufi asibiti, ga na Malam Aminu Kano nan kusa da mu a Titin Zariya. Na biyu, jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma, ko a alawa ko a baki. Na uku, surukarki mai ciwon sukari kada ki ce mata wannan na mazarƙwaila ne ko na zuma ne ba ya komai. A wurin jininta duk kanwar ja ce.

Na san amsar da kike shiryawa. Za ki ce Bakanuwa ko alawa za ta koyar sai ta sako lissafin riba, kuma za ki jawo mini Sarauniya Amina da ganuwowinta. Na ji, ta yi ganuwa, Allah ya jiƙan mazan jiya da matansu. Jikarta dai ga ta nan ta kasa tsayar da sukari gwangwani huɗu a kan tsinke. In abin ya yi miki zafi, tashar Unguwa Uku ba ta da nisa da ke, motar Zariya ba ta yankewa, titin ma da sunan garinku muka kira shi don kada ku ɓata in za ku koma. Amma na san ba za ki tafi ba. Wanda ya sha ruwan Kano ya zauna ke nan, kuma in kin tafi wa zan samu in yi wa dariya?

Ranar Asabar bayan azahar ina gida. Ki zo da sukarinki da lemon tsaminki, ni zan ba da tukunya da wuta, muciya kuwa zan kulle ta a ɗaka har ki tafi. Yashin nan na ranar Laraba kada ki zubar, ki zo da shi, ruwa za mu ƙara masa ya narke mu sake ɗorawa, Bakanuwa ba ta asarar gwangwani huɗu. Ki haɗo da mazarƙwaila ƙwarya guda daga Maƙarfi, gaisuwar uwargijiya, kin daɗe ba ki kawo ba ina ƙirgawa. Ƙaron ma ki taho da shi. Hulunan maigidana sun yi laushi, ga Sallah ta matso.

Taki har kullum, uwar ɗakinki ta Gyadi-Gyadi.